Tarihin Waken da Ya Gagari Tsutsa: Daga Kanbera Zuwa Samaru

A ƙasar Haɗeja sau biyu ake cin moriyar wake. Da damina ana shuka shi a tudu, a tsakanin gero da dawa. Idan kuma ruwan kogi ya janye, manoman fadama a yankunan Guri da Kirikasamma sukan bi danshin da ya bari su sake shukawa. Ƙwayar ta shiga tukunya, harawa ta tafi wa dabbobi. Sai dai wake yana da babbar abokiyar gaba, wato tsutsar da masana ke kira Maruka. Tana shiga cikin fure, ta huda kwanso tun yana ɗanye, ta cinye 'ya'yan daga ciki. A shekarar da ta yi yawa, manomi kan iya rasa kashi 80 cikin ɗari na amfaninsa, ko kuma ya yi feshi sau shida zuwa takwas kafin girbi.

Masana sun fara neman magani ne ta hanyar da aka saba, wato a samo irin da ke da juriya a haɗa aurensa da wanda manoma ke so. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda ke da reshe a Kano, ta bincika nau'in wake sama da 15,000 da ke rumbunta, ba ta sami wanda ke iya tsaya wa wannan tsutsa sosai ba. Dole aka duba wajen dangin wake.

Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. An fara gano ta a Japan a 1901, kuma an daɗe ana fesa ta a gonaki. Tana samar da wani furotin da ke manne wa hanjin tsutsa ya ɓula shi, amma hanjin mutum da na dabba ba su da wurin da zai manne. Tambayar ita ce ko za a iya ɗauko ƙwayar halittar da ke haɗa wannan furotin a dasa ta cikin wake, ya riƙa kare kansa.

A 2001 masana suka taru a Dakar suka kafa ƙungiyar inganta waken Afirka, kuma Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka yana cikin jagororinta. Matsalar ita ce wake ya ƙi karɓar dashe. Ɗakunan bincike da dama sun gwada ba su kai ga nasara ba. Aikin ya faɗa hannun Dokta T. J. Higgins, masanin ƙwayoyin halitta ɗan asalin Ayalan da ke aiki a hukumar CSIRO a Kanbera, babban birnin Ostiraliya. Ya shafe shekaru yana bincike a kan dangin wake. Akwai ma wani iri na dangin wake da ya samar a can wanda aka dakatar a 2005, bayan gwaji a jikin ɓeraye ya nuna alamar matsala, abin da ke nuna tsananin tantancewar da ake yi kafin iri ya fita. A 2006 shi da abokan aikinsa suka wallafa hanyar dasa ƙwayar halitta a cikin wake ta yadda za ta bi zuriya.

Gidauniyar AATF da ke Nairobi ce ta karɓo ƙwayar halittar Bt mai suna Cry1Ab, wadda aka dasa a cikin waken, daga kamfanin Monsanto ba tare da sharaɗin biyan kuɗin mallaka ba, hukumar USAID kuma ta ba da kuɗin aiki. Amma tsiron da ya yi kyau a ɗakin gilashi a Kanbera bai zama abincin Bahaushe ba tukuna. A nan ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta shigo, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku yana jagorantar aikin. Daga 2009 aka fara gwaji a gonar da aka killace a Zariya. Shi da tawagarsa suka yi ta haɗa auren tsiron da SAMPEA 10, irin da ke jure wuta-wuta, zuriya bayan zuriya, har aka sami waken da ke da kariyar kuma yake da farin ƙwaya da saurin nuna irin na wanda kasuwa ta sani.

Doka ma sai da aka jira ta. A 2015 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da amincin irin waɗannan halittu. Hukumar ta amince da waken a Janairun 2019, kwamitin fitar da iri na ƙasa ya yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T a Disambar shekarar, sannan aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a Yunin 2021. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fitar da irin wannan wake. Gana ta biyo baya a 2024 da nata, Songotra-T.

Ba kowa ya yarda ba. Ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey sun nuna fargaba kan lafiya da kuma dogaro da kamfanonin iri, kuma a 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a sake bincike. Waɗannan tambayoyi ne da suka cancanci amsa a fili, da harshen da manomi ke ji. Haka kuma waken bai kawar da feshi gaba ɗaya ba: ana bukatar sau biyu saboda darɓa da sauran ƙwari masu tsotsa, kuma ba ya hana ƙwarin da ke huda wake a buhu. Tsutsar ita kanta tana iya sabawa da furotin ɗaya, shi ya sa masanan ke aikin ƙara na biyu.

Sa ido a kan waɗannan al'amura ba aikin Kanbera ba ne. Aiki ne na wanda zai shiga gonakin Auyo da Malam Madori ya buɗe fure ya ƙirga tsutsa, ya tabbatar irin da ake sayarwa na gaskiya ne. Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja. Ya kamata a ba su kayan bincike, a haɗa ɗalibansu da Samaru da malaman gona, domin a gaba a riƙa jin muryar kwarin Haɗeja tun daga farkon bincike.