Ciwon huhu da damuwa: Gwajin da ya kamata ku nema wa majinyacinku

Mahaifina ya yi shekaru yana sayar da shanu a karar Dei-Dei da ke Abuja, kafin likitoci su ce yana da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda suke kira COPD. Tarin mun saba da shi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda Baba ya daina fita kara, ya rage cin abinci, dare ya yi ba barci. Mu dai muka ce tsufa ne. Ashe ciwon damuwa ne ya haɗu da na huhun.

Hakan na yawan faruwa ga masu COPD, asma, ko waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu. Numfashi na sarƙewa sai tsoro ya zo, tsoron kuma ya ƙara sarƙe numfashin. Wanda damuwa ta danne kuwa yakan yi sakaci da maganinsa, sai ciwon ya tashi, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Gwajin ba jini ake ɗiba ba, tambayoyi ne kawai. PHQ-9 tambayoyi 9 ne a kan damuwa: barci, cin abinci, gajiya, rashin jin daɗin komai. GAD-7 kuma 7 ne a kan fargaba. Duka a kan makonni 2 da suka wuce ake tambaya. Makin na farko yana kaiwa 27, na biyu 21. Idan mutum ya samu 10 ko fiye, sai likita ya zurfafa bincike, don maki kaɗai ba ya tabbatar da ciwo. Tambaya ta 9 a PHQ-9 ta shafi tunanin gara mutuwa ko cutar da kai. Wannan ba a jira, ranar ake ganin likita.

A Abuja, Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku da ke Sabon Ibadan ko Agege, ku tambaya a babban asibitin da majinyacinku ke karɓar magani. In ba ya jin Turanci ko Yarbanci, a raka shi da mai fassara wanda ba zai ji nauyinsa ba. Baba bai iya amsawa a gabana ba, sai da na fita amininsa ya zauna da shi.

Ba hauka ba ne, ciwo ne mai magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.