Shekarar da jirage suka yi shiru a Saga

Saga, a bakin kogin Isa, ba ta da nisa da filin jirgin saman Diori Hamani, manoman shinkafarta kuwa sun saba da rugugin jirage. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaba Mahamadu Isufu ya sanar da rufe filayen Yamai da Damagaram da iyakokin ƙasa saboda annobar korona. Baƙin da ke sauka daga waje aka fi tsoro. Sai dai ranar 1 ga Agusta 2020 aka sake buɗe musu sama, iyakokin ƙasa kuwa sai 17 ga Yuni 2021. Wata goma da rabi mai kuɗin jirgi na shige da fice, ɗan ci-rani mai komowa daga Kwatano yana tsallaka kogi zuwa Gaya a kwale-kwale, a ɓoye.