BABI NA UKU: TARIHIN AIKIN AGAJIN AMBALIYA NA MABIYA MENNO A AMURKA, 1951–1974

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda wata 'yar ƙaramar ɗariƙar Kirista a ƙasar Amurka ta yi suna wajen tura 'yan sa-kai zuwa garuruwan da ambaliyar ruwa ta auka wa. Ƙungiyar da ake magana a kanta ita ce Mennonite Disaster Service, wadda aka fi sani da MDS a taƙaice. Za a dubi asalin mutanen da suka kafa ta, da tafiyarsu ta farko a 1951, sannan a tsaya a kan ambaliyar garin Rapid City ta 1972. Abin da babin yake son nunawa shi ne, tun kafin ambaliya ta zo akwai abin da ya riga ya shirya waɗannan mutane, wato ƙin shiga yaƙi da kuma tsangwamar da suka sha a kan haka.

3.1 Asalin Mabiya Menno

Ɗariƙar ta samo asali ne daga wasu Kiristoci da suka ɓalle a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525. Sun tafi a kan cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Daga baya aka riƙa kiran wani kaso nasu da sunan Menno Simons, wani fada ɗan ƙasar Holan wanda ya bar cocin Katolika a 1536 ya bi su. Babban abin da ya bambanta su da sauran jama'a shi ne ba sa ɗaukar makami, ba sa kuma yin rantsuwa. Wannan aƙida ta jawo masu kisa da kora a Turai, shi ya sa suka yi ta ƙaura. Wasu sun sauka a jihar Pennsylvania ta Amurka tun a 1683, wasu kuma sun fara zuwa Rasha, daga can suka taso zuwa jihar Kansas a 1874.

Galibinsu manoma ne, kuma suna da al'adar haɗa hannu. Idan rumbun wani ya ƙone, ko maigida ya kwanta ciwo lokacin girbi, maƙwabta kan taru su yi masa aikin a yini ɗaya ko biyu, mata kuma su dafa abinci. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin gayya ke nan. Sai dai a wancan zamani gayyar tasu ba ta cika wuce 'yan ɗariƙa ba.

3.2 Yaƙe-yaƙen Duniya da Abin da Suka Haifar

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya mabiya Menno sun shiga tsaka mai wuya. Ga shi da yawansu Jamusanci suke yi a gida da coci, ga shi sun ƙi shiga soja, wasu ma sun ƙi sayen takardun lamunin da gwamnati ke sayarwa don tara kuɗin yaƙi. Saboda haka aka riƙa shafa wa gidajensu da majami'unsu fenti ruwan ɗorawa, wanda a can alama ce ta matsoraci. A ranar 11 ga Nuwamba, 1918, wato ranar da aka tsagaita wuta, wasu mutane a garin Burrton na Kansas suka kama wani manomi mai suna John Schrag, suka yi masa duka, suka shafe shi da fenti, saura ƙiris su rataye shi. Sai da jami'in tsaro ya sa shi a kurkuku sannan ya tsira. A ƙarshen wannan shekara kuma wasu 'yan'uwa biyu, Joseph da Michael Hofer, 'yan wata ɗariƙa mai dangantaka da su da ake kira Hutterite, suka mutu a kurkukun soja na Fort Leavenworth bayan azabar da suka sha saboda sun ƙi sa kayan soja. Daga jihar Dakota ta Kudu aka ɗauko su. Yana da kyau mai karatu ya riƙe sunan wannan jiha, domin za a sake komawa gare ta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, sai shugabannin ɗariƙar suka haɗa kai da wasu ɗariƙu biyu masu ƙin yaƙi, wato Brethren da Quaker, suka nemi gwamnati ta samar wa matasansu wani aiki a madadin soja. Daga 1941 zuwa 1947 kimanin mutum 12,000 suka yi wannan aiki a sansanoni daban-daban, fiye da 4,000 daga cikinsu mabiya Menno ne. Sun dasa itatuwa, sun yi aikin hana zaizayar ƙasa, sun kashe gobarar daji, sun kuma kula da masu taɓin hankali a asibitoci. Gwamnati ba ta biyansu albashi, coci-coci ne suka ɗauki nauyin ci da shansu.

A ganin mai wannan nazari, nan ne tushen al'amarin yake. Waɗannan samari sun koma gida da abubuwa biyu. Na farko, sun koyi yin aiki a rukuni ƙarƙashin shugaba, cikin mutanen da ba su sani ba. Na biyu, sun dawo da wata tambaya da ke ci masu tuwo a ƙwarya: maƙwabcinsu ya je yaƙi ya rasa ƙafa ko rai, su kuwa me za su nuna? Cewa kawai ba ka kisa bai isa ya wanke ka a idon uwar da ɗanta bai dawo ba.

3.3 Tafiyar Farko: Wichita, 1951

A 1950 wasu matasan ma'aurata 'yan makarantar Lahadi a garin Hesston na Kansas suka fita cin abinci tare. Cikinsu akwai waɗanda suka yi wancan aiki na madadin soja. A wajen hirar ne suka yanke shawarar kafa ƙungiyar da za ta riƙa taimakon jama'a a lokacin zaman lafiya. Abin da suka fara yi ba wani babban abu ba ne. Sun rubuta sunayen mutanen coci, da sana'ar kowa, da kayan aikin da yake da su: wane kafinta ne, wane yana da tarakta, wane yana da motar ɗaukar kaya.

A watan Mayun 1951 kogin Little Arkansas ya cika ya tumbatsa, birnin Wichita ya nemi ɗauki. A daren da aka yi kiran, maza 45 da motocin kaya huɗu suka isa birnin, suka shiga cika buhunan yashi suna tare ruwa. Wannan ita ce tafiyar farko. A 1952 ƙungiyar ta ɗauki sunan da take amsawa har yanzu, kuma ba a daɗe ba majami'un ɗariƙar a wasu jihohi da kuma ƙasar Kanada suka kafa nasu rassa. A 1955 aka haɗa rassan ƙarƙashin babban kwamitin agaji na ɗariƙar, wanda shi tun 1920 aka kafa shi don kai abinci ga masu fama da yunwa a Rasha.

3.4 Ambaliyar Rapid City, 1972

Shekarar 1972 ita ce ta gwada ƙarfin ƙungiyar, domin manyan ambaliya uku aka yi a jere. A watan Fabrairu wata madatsar kamfanin haƙar kwal ta fashe a Buffalo Creek, mutum 125 suka mutu. A ƙarshen Yuni guguwar Agnes ta nutsar da garuruwa a Pennsylvania da New York. Tsakanin waɗannan biyu aka yi ta Rapid City, wadda ta fi su cin rayuka.

Rapid City gari ne da ke gindin duwatsun Black Hills a jihar Dakota ta Kudu, wani rafi kuma ya ratsa ta tsakiyarsa. Da yammacin 9 ga Yuni, 1972, hadari ya tsaya a kan duwatsun ya ƙi motsawa. A wasu wurare an yi ruwan da ya kai inci 15 cikin kimanin awa shida. Ruwan ya gangaro da itatuwa da tarkace suka toshe mafitar madatsar Canyon Lake da ke saman gari, kafin sha ɗayan dare madatsar ta ɓalle. Mutum 238 suka mutu, fiye da 3,000 suka ji rauni, gidaje 1,335 suka rushe, motoci kimanin 5,000 suka lalace. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a bakin rafin talakawa ne 'yan haya da mazauna gidajen tirela, cikinsu har da 'yan ƙabilar Lakota, wato 'yan asalin wannan yanki.

'Yan sa-kai na MDS suka riƙa zuwa rukuni-rukuni daga jihohin maƙwabta da Kanada. Yawanci coci ne ke haɗa mota ɗaya ko biyu, mutane su bar gonakinsu su zo su yi kwanaki ko mako guda, su koma, wasu su maye gurbinsu. Ya kamata a lura cewa Yuni da Yuli lokacin girbin alkama ne a wannan ɓangare na Amurka, don haka manomin da ya bar gona a lokacin ba ƙaramin abu ya bari ba.

Aikin da ke biyo bayan ambaliya aiki ne na ƙazanta, ba kuma wanda ake ɗaukar hotonsa. Yawancin gidajen can na katako ne, kuma suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye tukunyar ɗumama gida. Idan ruwa ya janye, wannan ɗaki kan cika da laka gauraye da najasa da mushen dabbobi. Babu injin da zai shiga, sai shebur da bokiti da baro, ana miƙa wa juna hannu da hannu. Bayan laka sai a ciccire dardumar ƙasa da allunan bango da suka jiƙe, domin idan aka bar su funfuna za ta kama, gidan ya gagari zama. Sai a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar katako ya bushe, sannan kafintoci su shigo. Mata sun yi aikin girki da wanke kayayyakin da za su ceto, da yawansu kuma sun riƙe shebur kamar kowa.

Akwai wani sashe na aikin da ba ya shiga lissafi. Tsohuwar da ake fitar da kayanta ana zubarwa a titi tana bukatar wanda zai tsaya ya saurare ta, ko wanda zai tambaye ta kafin ya jefar da hoton da ya jiƙe. Ƙungiyar ta yi suna wajen jaddada wa mutanenta haka. Ta kuma yi suna da rashin yawan wa'azi a wurin aiki. Wannan batu yana da muhimmanci, domin zargin da aka fi yi wa agajin addini, kowane addini ne, shi ne ana ba mabukaci taimako da hannun dama ana miƙa masa aƙida da hannun hagu. Tsarin MDS shi ne a fara da tsofaffi da gwauraye da naƙasassu da waɗanda ba su da inshora, ba tare da tambayar cocin da mutum ke zuwa ba.

Duk da haka bai kamata a kambama rawar 'yan sa-kai fiye da kima ba. Shawarar da ta fi kowace ceton rayuka a Rapid City hukumar gari ce ta yanke ta. Kwanaki kaɗan bayan ambaliyar, majalisar gari ƙarƙashin magajin gari Don Barnett, wanda a lokacin shekarunsa 29, ta hana a sake gina gidajen kwana a hanyar ruwan. Da kuɗin gwamnatin tarayya aka sayi filayen, aka mayar da bakin rafin wuraren shaƙatawa da wasanni. Wannan ya fi ƙarfin coci. Hasali ma ɗan sa-kai mai kyakkyawar niyya yana iya gyara wa mutum gida tsaf a daidai inda ruwa zai sake bi. A ɗaya ɓangaren kuma, kuɗin gwamnati kan ɗauki watanni kafin su fito, laka kuwa ba ta jira, kuma ɗan hayar da aka tasa daga bakin rafi ba shi da filin da za a biya shi diyya. A wannan giɓi ne aikin 'yan coci ya fi amfani.

Abin lura a nan shi ne, wannan jiha ta Dakota ta Kudu ita ce wadda aka ɗauki 'yan'uwan nan biyu daga cikinta a 1918, ita ce kuma yawancin 'yan Hutterite suka bari suka ƙaura Kanada saboda tsangwama. Bayan shekara 54 masu irin aƙidarsu ne ke kwashe laka a gidajen mutanen jihar.

3.5 Shigar Ƙungiyar Cikin Doka

Tun bayan guguwar Camille ta 1969 aka fahimci cewa ƙungiyoyin agaji suna karo da juna a wurin aiki, wani gida a je masa sau uku, wani ba a je ko sau ɗaya ba. Saboda haka a 1970 ƙungiyoyi bakwai suka kafa majalisar haɗin gwiwa ta ƙasa, MDS na cikinsu. Aikin ya kasu kusan da kansa: Red Cross da Salvation Army su ba da abinci da makwanci a kwanakin farko, mabiya Menno kuma su ɗauki shara da gyara da gini, wanda kan ja watanni bayan 'yan jarida sun watse.

Dokar agajin bala'i da majalisar Amurka ta zartar a 1974 ta ambaci ƙungiyoyi uku da sunansu a matsayin waɗanda shugaban ƙasa zai iya amfani da ma'aikatansu da kayansu, wato Red Cross da Salvation Army da Mennonite Disaster Service. Da aka yi wa dokar garambawul a 1988 aka sa mata sunan Stafford, an bar sunayen uku yadda suke. MDS ta ci gaba da zama ƙarƙashin babban kwamitin agaji na ɗariƙar har zuwa 1993, lokacin da aka yi mata rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta.