Ƙafa ta Uku: Tarihin Gunjin da ke Cikin Lasifika

Duk wanda ya taɓa zama a wurin walima ko wa'azin dare a Boɗinga ko Shagari ya san wannan sautin. Kafin mai magana ya buɗe baki, lasifika ta riga ta fara wani gunji mai kauri da ba ya yankewa, sai yaron da ke kula da kayan ya yi ta murɗa maɓalli yana zargin amfilifaya. Sau da yawa amfilifayar lafiyarta ƙalau. Abin da kunne ke ji muryar wutar lantarki ce kanta, wadda a Najeriya take kai-komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Yadda ta samu ƙofar shiga cikin sauti kuwa, labari ne da ya girmi rediyo.

A shekarar 1838 wani Bajamushe, Carl August von Steinheil, yana gwajin wayar tangaraho a kan layin dogon da ke tsakanin Nuremberg da Fürth, sai ya gano cewa ba dole ne a ja waya biyu ba: ƙasa da kanta tana iya zama hanyar da wuta za ta koma. Daga nan masu sana'ar suka riƙi ƙasa a matsayin sifili, wato mizanin da ake auna kowane ƙarfin wuta da shi. Daga baya aka ɗora mata aiki na biyu, na ceton rai. Fulogin nan mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila an fito da shi a 1947, kuma da gangan aka yi ƙafar sama ta fi tsawo, domin ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Idan wuta ta ɓalle ta taɓa gangar jikin na'ura, ta nan za ta bi, maimakon ta jikin mutum. Mu kuwa ramin wannan ƙafa ne muke zura wa murfin biro don mu cusa fulogi mai ƙafa biyu.

Inda aikin farko ya fi tsanani shi ne a sintesaiza, na'urar da ke ƙirƙirar sauti daga wuta zalla, babu tsirkiya babu fata. Robert Moog ya nuna tasa a Amurka a 1964, an gina ta gunduwa-gunduwa, makaɗi yana haɗa sassan da wayoyi yadda ya ga dama. Ƙa'idar da ta shahara daga gare shi ita ce ƙarin bolt ɗaya yana ninka tsinin murya sau biyu, kuma tsakanin nan akwai matakala 12. Ke nan kowace matakala kusan kashi 83 ne cikin 1,000 na bolt. Mai karatu ya duba ƙanƙantar wannan tazara. Idan sifilin wani sashe ya ɗan saɓa da na maƙwabcinsa saboda siririyar wayar da suke tarayya a kanta, murya ta karkace ke nan. Shi ya sa masu ƙera irin wannan na'ura a gida, musamman tun da kamfanin Doepfer na Jamus ya sauƙaƙa tsarin a tsakiyar shekarun 1990, suke amfani da jan ƙarfe mai kauri, suna kuma kai wayar sifilin kowane sashe wuri guda, kowa da hanyarsa.

Kada a ɗauka kiɗan lantarki baƙo ne a yankinmu. Mamman Sani ya naɗi kasetinsa a Yamai a 1978 da ogan ɗin lantarki ɗan Italiya, William Onyeabor kuma ya tara sintesaiza a ɗakin naɗinsa na Inugu. Waƙoƙin finafinan Kano ma a kan fiyanon Yamaha suka tashi.

Gunjin walima ɗan uwan wancan karkacewar ne. An sa fiyano a wannan soket, amfilifaya a wancan, ga kuma wayar sauti ta haɗa su. Hanyar ƙasa ta zama biyu, ta yi zobe, wata 'yar wuta ta kama zagayawa a cikinsa, amfilifaya kuma ta kumbura ta tare da muryar mai magana.

Magani mafi sauri, wanda na ga wani mai gyara ya yi da filaya a gabana, shi ne karya ƙafa ta uku. Gunjin ya ɗauke nan take, jama'a suka yaba masa. A ganina wannan cinikin rai ne da shiru. A watan Mayun 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea, gaban masu kallo, saboda ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. Hanyar da ta dace ba ta da tsada sosai: a ciyar da dukkan kayan daga soket ɗaya, a gajarta wayoyin sauti, a raba su da na wuta, in ya ƙi a sa ƙaramar taransifoma a kan wayar sautin, wadda ke barin murya ta wuce amma ta yanke zoben.

Sai dai a ƙasar Sakkwato akwai wata matsalar da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba. Sandar jan ƙarfen da ake kafawa a bayan gida tana aiki ne da danshi, rairayi busasshe kuwa ba ya karɓar wuta da sauƙi. Sandar da ta wadatar a watan Agusta tana iya zama ado kawai a watan Maris. Masu aikin wayarin sun daɗe suna zuba gawayi da gishiri a ramin, dabarar tana taimakawa, illa dai gishirin yana cin ƙarfen sannu a hankali, kuma da wuya ka ga wanda ya dawo ya auna bayan shekara biyu. Ƙaramin janareto da ake ɗauka zuwa filin taro kuwa, galibi a kan busasshiyar ƙasa ake dire shi, babu sanda ko ɗaya a kusa, sannan a miƙa wa malam makirufo mai jikin ƙarfe.