Dangantakar Bishiyoyin Kurmi da Makomar Goro a Abijan

Dillalin goro a Adjamé ko Treichville yakan gane inda huhu ya fito daga launi da ɗaci da jure ajiya. Wannan sani na kasuwa yana da tushe a tarihin kurmi, kuma shi ne hujjata cewa kare bishiyoyin daji na Kwaddibuwa lamari ne da ya shafi Bahaushe kai tsaye.

Goron da fatake suka riƙa ɗaukowa daga Salaga ta ƙasar Gwanja zuwa Kano, wato Cola nitida mai ɓari biyu, asalinsa kurmin yamma ne, daga Gini zuwa Gana. Hannunruwa, Cola acuminata, mai ɓari uku ko fiye, ya fi yawa daga kudancin Najeriya zuwa Gabon. Tsakaninsu akwai zirin fili mai ciyawa a Togo da Benin, Giɓin Dahomey, wanda ya sake buɗewa kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Kafin nan, kimanin shekara 21,000 baya, sanyi da fari sun takure kurmi zuwa 'yan mafaka, irin na kewayen Cape Palmas. Bishiyoyin kowace mafaka suka yi ta barbara a junansu har ƙwayoyin gadonsu suka bambanta. Binciken Olivier Hardy da abokan aikinsa a Brussels ya gano irin wannan rabe-rabe a bishiyoyi da dama, ciki har da loko.

Waccan rabuwa ta ɗauki dubban shekaru, ta kuma haifar da yalwar iri. Ta yau gatari ne ke yin ta cikin ƙarni guda. Kurmin Kwaddibuwa, da aka ƙiyasta hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, bai kai miliyan 3 ba a ƙidayar 2021. Gandun Banco da ke maƙwabtaka da Adjamé, wanda aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1953, hekta 3,400 ne da 'yan kai, birni kuma ya kewaye shi. Bishiyar da aka raba da danginta zuriyarta kan raunana. Goro ya fi shiga haɗari, domin yawancin bishiyoyinsa ba sa 'ya'ya sosai sai da ƙurar furen wata bishiyar.

Wasu za su ce gonaki sun wadatar. Sai dai manomi yakan maimaita 'yan irin da kasuwa ke so, juriyar cuta da fari kuwa a daji take ɓoye. Don haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan goro su mara wa cibiyar binciken noma ta CNRA baya, a tattara irin kowane yanki a adana shi dabam, domin dashen da aka kawo daga Kamaru ba zai maye gurbin zuriyar kurmin Taï na Kwaddibuwa ba.