Tarihin lemu, daga tsaunukan Asiya zuwa garaken Tarka da Majiya

A wani darasin fassara na rubuta wa ɗalibaina kalmomi shida na Faransanci a allo: citron, lime, orange, mandarine, clémentine da pamplemousse, na ce a mayar da su Hausa. Amsa ɗaya duk ajin ya ba ni: lemu. Da na matsa, sai aka raba shi biyu, lemun tsami da lemun zaƙi, wani yaro kuma ya ƙara da lemun kwalba, aka fashe da dariya. Yaran ba su yi kuskure ba, abin da suka tarar a bakin magabatansu ke nan. Amma wannan ƙarancin suna yana da tarihi, yana kuma jawo hasara ga masu garka a Madawa, Buza da Kaita, inda ruwa ke da tsada kuma itace ke cin shekaru kafin ya biya mai shi.

Asalin dangin lemu yana kudu maso gabashin tsaunukan Himalaya, inda arewa maso gabashin Indiya, arewacin Bama da lardin Yunan na ƙasar Sin suka haɗu. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Nature a shekarar 2018 ya ƙarfafa abin da masana tsirrai suka daɗe suna zato: kusan duk lemun da ake sayarwa a kasuwannin duniya barbarar kakanni ƴan kaɗan ne. Na farko shi ne wanda Larabawa ke kira utrujj, Faransawa kuma cédrat, mai kaurin ɓawo da ƙamshi amma ruwa kaɗan. Almajiran zaure sun san sunansa daga littattafan hadisi. Na biyu wani ƙaton lemu ne na kudu maso gabashin Asiya, wanda kan kai girman ƙaramar ƙwarya. Na uku mandarin ne, ƙarami mai saukin ɓarewa. Daga ƙaton nan da mandarin aka sami lemun zaƙi da kuma lemu mai ɗaci, wato naranj na Larabawa. Daga naranj da utrujj aka sami citron mai launin rawaya. Shi kuwa lemun tsamin namu, ƙarami, kore, mai siririn ɓawo, ɗan utrujj ne da wani lemun daji na tsibiran Filifin.

Kowane ɗayansu da hanyar da ya bi da kuma lokacinsa. Utrujj ne ya fara isa yamma ta ƙasar Farisa, har masanin tsirrai na Girka, Tiyofarastus, ya siffanta shi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubuci al-Mas'udi ya ba da labarin cewa bayan shekara ta 300 ta Hijira aka ɗauko naranj daga Indiya aka dasa shi a Oman, daga nan ya wuce Basra, Iraƙi da Sham. Manoman daular Musulunci suka yaɗa shi tare da lemun tsami zuwa Masar, Magrib da Andalus. A ƙarni na 14 al-Umari ya lissafa lemu cikin amfanin ƙasar Kanem, gabas da mu. Kalmar da muke amfani da ita ma shaida ce, domin daga laimun na Larabci ta fito, shi kuma daga Farisanci. Ke nan da itacen da sunansa duk ta hannun Larabawa da fataken hamada suka iso ƙasar Sudan.

Dalilin da ya sa lemun tsami ya kafu a wurinmu kafin ƴan'uwansa a fili yake. Yana son zafi, yana fitowa daga ƙwaya ya gaji halin uwarsa, yana yin fure fiye da sau ɗaya a shekara idan ya sami ban ruwa. Ya tarar da mutanen da suka saba da tsamiya da yakuwa a kunu da miya, bai sha wuyar samun gurbi a abincinsu ba. Yau shi ake matsawa a shayi da kwaɗo, da shi ake yin abin shan nan da Zabarmawa ke kira lemu-hari, kuma kowa ya san yadda kuɗinsa ke tashi a watan azumi.

Lemun zaƙi baƙo ne na baya. Fotugisawa ne suka yaɗa nagartattun irinsa daga Sin zuwa Turai a ƙarni na 16, shi ya sa har yau Larabawa ke kiransa burtuƙal. Ta bakin teku ya shigo Afirka ta Yamma, ya sami gindin zama a ƙasashen da ke da ruwan sama mai yawa. Sauran duk ƴaƴan jiya ne. Pamplemousse da muka sani, mai ɗaci-ɗaci, an fara siffanta shi a tsibirin Barbados a 1750. Tanjalo, wanda ƴan Nijar ke so saboda yawan ruwansa, masana ne suka haɗa shi a Fulorida ta Amurka tun daga 1897, tsakanin mandarin da pamplemousse. Clémentine kuwa a Misargin ta bayyana, kusa da Oran a Aljeriya, a gonar wani gidan marayu, aka raɗa mata suna a 1902 don tunawa da Kilema Rodiye, ɗan mishan mai kula da gonar. Harshenmu ya riƙe sunan da ya zo da farko, ya rufa shi a kan duk wanda ya biyo baya.

Yankinmu bai taɓa zama gidan lemu na Nijar ba. Wannan suna na Gaya ne, a bakin kogin Kwara, da kuma garaken Timiya a tsaunukan Abzin. Mafi yawan lemun zaƙin da ake ɓarewa a tashar Madawa manyan motoci ke kawo shi daga Najeriya, inda jihar Binuwai ta yi fice wajen nomansa. Lissafin mai sauƙi ne: itacen lemu yana buƙatar ruwa da ya kai milimita 1000 a shekara, a rarrabe cikin watanni, alhali damanar Adar ba ta cika wuce milimita 500 ba, kuma cikin wata uku take sauka. Saboda haka a nan lemu ba ya rayuwa sai a fadama, kusa da rijiya.

Tarihin fadamun nan cikin shekaru hamsin da suka wuce shi ne ya buɗe masa ƙofa. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani. A wannan shekarar aka fara furojen Kaita da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, inda mata suka ɗauki kaso mafi girma na aikin dutse da dashe. Zuwa 2002 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsun ruwa, an haƙa rijiyoyi. A kwarin Tarka kuma ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa suka bunƙasa noman albasa. Itatuwan wancan zamani na kare ƙasa ne, ba na marmari ba, amma sun rage iska mai kaɗe fure, madatsun kuma sun taimaka wa rijiyoyi. Albasa ce ta ci moriyar farko, domin cikin wata huɗu zuwa biyar take mayar da kuɗi. Mangwaro, gwaba da lemu suka tsaya a gefen garka. Akwai kuma wani shinge na al'ada: wanda ya ari gona ba a yarda ya dasa itace a cikinta, don dashe alama ce ta mallaka.

A nan ne rashin sanin iri ke yin ɓarna. Wani kawuna ya sayi dashe biyar a kasuwa, mai sayarwa ya ce masa duk lemun zaƙi ne ɗan aure. Shekara biyar yana ja musu ruwa. Da suka yi ƴaƴa, uku daga ciki tsami da ɗaci suka ba shi. Abin da bai sani ba shi ne, ɗan aure itace biyu ne a jiki ɗaya: gindi na wani iri mai ƙarfin saiwa, da ido na irin da ake so. Idan gindin ya yi toho a ƙarƙashin wurin auren ba a datse ba, sai ya rinjayi idon, mai garka ya yi ta shayar da abin da bai saya ba. Gindin ma iri-iri ne. Naranj yana jure ciwon da ke sa kututture zubar da ƙaro, amma cutar tristeza ta kashe miliyoyin itatuwan da aka aura a kansa a Barazil da Ajantina a shekarun 1930 da 1940. Volkameriana kuma an san shi da jure fari. Ciwon ƙaron nan ruwa mai kwanciya a jikin kututture ke kawo shi, shi ya sa malaman gona ke cewa a yi wa itacen gurbi biyu, ruwa ya tsaya a na waje. Ko launi ma yana ruɗin mai saye: ɓawon lemun zaƙi ba ya komawa ruwan goro sai ya sha sanyin dare, don haka na ƙasa mai zafi kan nuna yana kore, na tsaunukan Abzin kuwa ya fi ɗaukar launi.

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan nauyi ne a kanmu, malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, domin harshen da za a koyar da aikin gona da shi dole ya iya bambanta abin da manomi zai dasa. Ba sai mun ƙirƙiro komai daga ofis ba. Masu garka da masu renon dashe sun riga sun ce tanjalo, sun ce mandarin, sun ce ɗan aure. Akwai kuma sunayen da suka bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Abin da ya rage shi ne kowane malami ya aiki ɗalibansa garaken garinsu da littafi da alƙalami, su rubuto sunan kowane lemu yadda mai shi ke faɗa, da siffarsa, da lokacin nunarsa, da inda aka samo dashensa. Idan makarantun Madawa, Buza da Kaita suka haɗa abin da suka tattaro, za a sami ɗan ƙamus da mai sayen dashe zai iya riƙewa a hannu ranar kasuwa.