Tsohuwar wayar da injiniyoyi suka ƙi yarwa

Kafin allo ya zo, da injin buga rubutu ake magana da kwamfuta. Teletype Model 33, wanda ya fito a 1963, harafi goma kacal yake bugawa a daƙiƙa, yana ƙara kamar keken ɗinki. Gabansa mai kula da kwamfuta ke zama, nan take kawo masa kuka idan wani abu ya lalace. Wannan mazauni ake kira konsol. A 1978 kamfanin DEC na Amurka ya fito da VT100 mai allo, wanda ake jonawa da waya mai bin ƙa'idar RS-232 ta farkon shekarun 1960.

Da na'urori suka yi yawa, ba dama a ajiye allo da mutum gaban kowace. Sai aka tattara wayoyin cikin akwati guda, wato sabar konsol. Cisco 2511 ta shekarun 1990 tana ɗaukar waya 16: injiniya na zaune a ofis zai shiga daga nesa ta manhajar telnet, lamba 2001 ta kai shi na'ura ta farko, 2002 ta biyu. Wajen 1990 Tom Fine na Jami'ar Jihar Ohio ya rubuta manhajar conserver, mai adana duk abin da na'ura ta furta, ko da tsakar dare ta mutu, da safe a karanta dalili.

Girka sabar konsol ba wuya, sai dai tana da tarko. Galibi gudun 9600 ake saitawa. Aka kuskure lambar, allo ya cika da shirme. Masu kwamfutocin Sun sun ji jiki: wasu akwatunan, in aka kashe su, sukan aika siginar BREAK, sai sabobin da ke jone su tsaya cak gaba ɗaya. Telnet kuwa a fili yake tura kalmar sirri, shi ya sa aka koma SSH, da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995.

Darajar sabar konsol ɗaya ce: ba ta dogara da hanyar sadarwar da ake son gyarawa ba, muddin an ba ta layinta daban. Ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook ya ɗauke na kusan awa shida, har hanyar ko-ta-kwana ta yanke, dole aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa ɗakunan sabobin.